Faɗuwar Modu Gola

Nazifi, kai da abokanka kun zo kun same ni a ƙofar gida kuna so in fito muku a bidiyonku na waya. Ka ce da ni, "Baba Rafali, ai ba wani abu ba ne. Tsoho ne zai zauna a kujera, ta karye, ya faɗi, shi ke nan." Na ce ku zauna tukuna. Ba ƙin ku na yi ba. Wannan "shi ke nan" ɗin ne ya tsaya min a wuya, domin na san mutumin da ya ƙare ƙarfinsa yana koyon faɗuwa, kuma ban taɓa jin ya ce ya gama iyawa ba.

Sunana Sa'idu, amma a Gaya in ka ce Sa'idu sai an tambaye ka wanne. In ka ce Rafali kuwa, ko mai tallan gyaɗa zai nuna maka gidan nan. Ban taɓa busa ƙwallo ta gaske ba. A wasan daɓe na samo sunan, wato wasan kwaikwayon da ake yi a fili gaban jama'a, babu kyamara, babu sakewa. Ku in kun yi kuskure sai ku goge ku sake ɗauka. Mu in ka yi kuskure, gari guda ne ya gani, kuma gobe a kasuwa za a tuna maka.

Wanda ya koya mana shi ne marigayi Malam Idi Tela. Ɗinki ne abincinsa, wasa kuwa shi ne abin da yake so. Ranar da na je shagonsa na ce ina son shiga kulob ɗinsa, ko keken bai tsayar ba. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Ka iya ɗaukar zana?" Na ce na iya. Ya ce, "To ka shiga." Haka na yi ta ɗaukar zana ina kewaye fili, ina kafa turaku, ina riƙe labule, rani ya wuce wani ya zo, ban furta kalma ɗaya a gaban mutane ba. Da na yi ƙorafi sai ya ce, "Kana riƙe da labule kana kallon me?" Na ce 'yan wasa. Ya ce, "Ka ga kuskurenka. Daga yau ka riƙa kallon 'yan kallo."

Da ya ga na fara hankali, sai ya kai ni filin firamare da yamma. Ya tsayar da ni a wannan ƙarshen, shi ya tafi wancan ya zauna a kan dutse. Ya ce in ce masa, "Sannu da zuwa, Alhaji," ya ji, amma kada in yi ihu. Na faɗa a hankali, ya sa hannu a kunne. Na ɗaga murya, ya girgiza kai ya ce, "Wannan kiran awaki ne, ba gaisuwa ba." Muka yi ta yi har muryata ta dushe. Sai daga baya na gane daga ciki maganar take fitowa, ba daga wuya ba. A lokacin ba mu da lasifika. Ko da muka samu daga baya, in batir ya mutu a tsakiyar wasa ba ma ko waiwayawa.

Rubutaccen wasa ma ba mu da shi. Malam Idi zai zaunar da mu ya ce ga farkon labari, ga inda zai karkata, ga ƙarshensa. Abin da ke tsakani kowa ya nemo a bakinsa. Idan ka faɗi magana aka yi dariya, ta zama taka, gobe ka sake ta. Idan aka yi shiru, ka binne ta a nan.

Mun yi wasanni da yawa, na tsafta, na rikicin gona, na ɗan ƙauye a birni. Amma wanda ya ɗauke mu ya kai mu ko'ina shi ne Gwiwa Ta Ƙi. Ga yadda aka yi. Akwai wasu dattawa da ke haɗuwa a filin firamaren nan duk Juma'a bayan la'asar suna buga ƙwallo. Tsofaffin malaman makaranta ne, da wani tsohon direba, da wani da ya yi soja. A ƙuruciyarsu sun buga wa gari, yanzu tumbi ya fito, numfashi ya gajarta, amma zuciya ba ta yarda ba. Yara kan taru suna dariya. Malam Idi ya tsaya ya kalle su wata rana, washegari ya sa babbar riga ya je gidan babbansu, wani tsohon hedimasta, ya nemi izini. Ya ce ba ya wasa da mutuncin dattijo sai da saninsa. Hedimasta ya ce, "Ku yi, Idi. Amma ku nuna wa yara cewa mun taɓa iyawa."

Daga nan aka tura mu kallo. Duk Juma'a muna bakin fili, ba ƙwallo muke kallo ba, ƙafafu muke kallo. Yadda tsoho ke fara gudu da kafaɗa kafin ƙafa ta biyo. Yadda yake dafa cinya in zai miƙe. Yadda in ƙwallo ta wuce shi yake juyawa ya yi wa na bayansa faɗa. Malam Idi ya hana mu ɗingishin ƙarya da rawar murya. Ya ce tsoho ba ya nuna tsufa, ɓoye shi yake yi, kuma a wurin ɓoyewar dariyar take.

Labarin wasan gajere ne. Ƙungiyar tsofaffi ce mai suna Gwiwa Ta Ƙi, ba su taɓa cin kowa ba. 'Ya'yansu suka ce su bar musu fili, tsofaffi suka ce sai dai a buga, wanda aka ci ya tattara. Akwai kaftin mai doguwar huɗuba da ke manta abin da ya fara faɗa. Akwai matarsa da ke shigowa fili da muciya ta ce ya zo ya sha magani. Garba Dogo ne ke ɗaura zani ya fito a matar, don a lokacin mata ba sa shiga wasanmu. Ni ne rafali, kurma, kuma surukin ɓangarorin biyu, duk hukuncin da na yanke sai an yi min barazanar karɓe 'ya. Sai gola, wanda ba ya gani sosai. Shi ne Modu.

Modu ɗan Barebari ne, kakanninsa suka zo daga gabas suka zauna a nan, yana sayar da kanwa da gishirin manda a kasuwa. Ni kuma ta wajen uwa Bafillace ne, kun san wasan da ke tsakaninmu da su. Tun ranar da muka haɗu yake kirana bawansa, ni ma ina kiransa nawa. Gajere ne kakkaura, fuskarsa kamar bai taɓa jin abin dariya ba. Wannan fuskar ce rabin jarinsa. Sauran rabin kuwa faɗuwa ce.

Bari in gaya muku kayan aikinmu, don ku san ba a hannu wofi ake shiga fili ba. Gemu na gashin tunkiya ne, a wanke shi da sabulu a shanya, Malam Idi ya ɗinka shi a kan ƙyalle da zaren da ke zagaya kunne. Furfura toka ce ta karan dawa, a tankaɗe ta, a shafa man gyaɗa kaɗan a kai kafin a barbaɗa, in ba haka ba gumi ya kwaso ta ya zuba maka a ido. Jesi na buhun fulawa ne, lambar baya da shuni. Ƙwallo kuwa ba a shiga fili da ta gaske. Mun gwada sau ɗaya, Garba ya buga ta faɗa cikin tiren wata mai ƙosai, wasan ya tashi daga namu ya koma nata. Daga ranar sai ta tsumma, a cusa ta ƙam a rufe da fatar tsohuwar ƙwallo, ba ta tsalle, inda ka ajiye ta nan za ta tsaya. A jikinta akwai siririn zare mai ƙarfi da ke bi ta ƙasa zuwa bayan labule, Malam Idi na riƙe da bakinsa.

Sai ƙasa. Wannan ne aikin da ba wanda ke gani. Kafin jama'a su shigo, ni da Modu za mu ɗauki fartanya mu sassaƙe wurin da zai faɗi, mu tsince duwatsu, mu zuba ƙaiƙayin gero, mu rufe da rairayi, mu yayyafa ruwa mu daddanna da ƙafa har ya saje da sauran filin. Modu zai durƙusa ya shafa wurin da tafin hannu kamar mai duba shimfiɗar jariri. In bai gamsu ba sai an sake.

Ƙarshen wasan fanareti ne. An yi kunnen doki, saura bugu ɗaya, in ta shiga tsofaffi sun rasa fili. Yaro zai ja da baya ya zo da gudu kamar zai fasa raga, sai ƙafarsa ta goge ƙwallo kaɗan. Malam Idi zai fara jan zare a hankali. Modu kuwa tun kafin a buga ya riga ya daka tsalle ya kama sandar saman raga, yana lilo, ƙafafu na harbin iska, yana tambaya, "Ta wuce? Jama'a ta wuce?" Ƙwallo na tahowa kamar hawainiya. Sai ta zo daidai ƙarƙashinsa ya saki hannu, ya faɗo zaune a kanta daram. Ya kare gida da mazaunai.

Abin da 'yan kallo ke gani ke nan. Abin da ke faruwa daban ne. Da tafin ƙafa yake sauka, gwiwa a lanƙwashe, buje mai faɗi ya rufe, nauyin duk ya tafi cikin cinya, sannan ya zame ya zauna a kan tsumman. Duk wannan cikin ƙiftawar ido. Ya koye shi ne a bakin rafi, a kan yashi, yana kama reshen bishiya yana saki, har sai da Malam Idi ya tsaya kusa da shi ya kasa ganin inda ƙafa ta taɓa ƙasa. Sandar saman kuwa azara ce ta giginya, mai nauyi, mu biyu muke ɗaukarta.

Ranar da muka fara nuna shi a Gaya, dattawan nan suna layin gaba a kan benci. Akwai wurin da Malam Idi ya saka saboda alkawarin da ya yi: kaftin zai karɓi ƙwallo, ya yanke yaro ɗaya, ya yanke na biyu, tsaf kamar a zamaninsa, kafin numfashi ya yanke masa ya zauna a ƙasa. Da aka zo nan sai na ga tsohon sojan ya miƙe tsaye yana cewa, "Haka ne! Wallahi haka muke yi!" Da Modu ya faɗo kan ƙwallo kuwa, hedimasta ya yi dariya har sai da aka riƙe shi.

Zuwanmu Toranke na farko ba na manta shi. Bayan kaka ne, an gama girbi, mutane na da sukuni. A bayan akori-kura muka tafi, mu da zana da azara da buhun ƙaiƙayi. Muka kewaye fili kusa da makaranta, amma kafin la'asar jama'a sun fi ƙarfin zanar, mai gari ya ce a kwance ta kowa ya gani, shi zai sallame mu. Maza a gefe ɗaya, mata a ɗaya, yara a kan bishiya. Mutanen ƙauye ba irin na gari ba ne wajen kallo. Ba sa saurin dariya, sai sun auna ka tukuna, amma in suka sake sai ka tsaya ka jira su, in ba haka ba maganarka ta gaba ta nutse. Kuma suna shiga wasan. Da na ba kaftin jan kati, wani dattijo ya taso da sandarsa ya ce, "Kai rafalin nan ba ka da kunya, surukinka ne fa!" Na juya na sa hannu a kunne na ce, "Na'am? Ka ce in ƙara masa?" Wannan maganar a nan aka haife ta, kuma na yi ta cin abinci da ita shekara da shekaru. Mun dawo da dawa da gyaɗa da kaji biyu a ɗaure, Modu na zaune a kan buhu yana cewa kajin na Barebari ne, Fulani su sha nono.

Haka muka yi ta zagaya ƙasar Gaya da Ajingi. Bikin sallah, bikin aure, ranar rabon sakamako a makarantu, taron manoma. Da damina kowa na gonarsa, da rani muna hanya. Akwai masu gayya na kirki, akwai waɗanda za su ce ka soki wane a cikin wasa, Malam Idi ya ce mu ba 'yan aike ba ne. Ba mu yi arziki ba. Amma in muka shiga gari, tun daga bakin hanya ake kiran "Gola! Gola!"

Abin bai mutu rana ɗaya ba. Da farko kaset ne ya zo, aka buɗe gidajen kallo. Samarin da muka fara koya wa wasa suka ga Kano ta fi kusa da suna, suka tafi neman shiga fim, waɗanda suka rage suka sayi babur. Sannan aka kawo ƙwallon Turai a talabijin, yaro ya san sunan ɗan wasan da bai taɓa jin sunan Gaya ba. Sai waya ta zo ta gama da sauran. Wanda zai ɗauki zana rani guda don a koya masa gaisuwa, babu shi. Masu fitowa a 'ya'yanmu a wasan ma sai aro muke yi ranar da za a yi, a gaya musu inda za su tsaya. Malam Idi ya rasu, Allah ya jiƙansa, zaren ya koma hannun wani ƙanen Garba. Gayya ta ragu, daga kowane mako ta koma sai an tuna da mu.

Mu kuma muna tsufa ba mu lura ba. Wata rana ina tankaɗe toka Garba ya dube ni ya ce, "Rafali, me za ka yi da ita? Kanka ai ya riga ta." Muka yi dariya muka zubar. Gemun tunkiya ma muka daina sawa, namu ya isa. Modu ya bar kama sandar sama da kansa, ba wanda ya ce ya bari. Ya koma faɗuwar gefe: ya tafi dama a hankali kamar bangon da ruwa ya ci, ya kwanta a kan ƙwallo. Ita ma da kafaɗa ake karɓarta a mirgina, kuma ya iya ta ƙwarai. Muka ajiye azara, muka koma sa gora marar nauyi. Har muna cewa yanzu ne wasan zai yi daɗi, tunda mun zama abin da muke kwaikwayo.

Shekarar da nake kira mummuna ta fara ne da gayya daga Toranke. Wani malami ne zai yi ritaya, ya ce yana yaro ya kalli Gwiwa Ta Ƙi a kan bishiya, yana so a yi masa shi a taron sallama. Muka yi murna, muka wanke jesi, muka ɗauki adaidaita biyu. Jama'a sun taru ba laifi. Huɗubar kaftin ta ci, Garba da muciyarsa ya ci, kurumtata ta ci. Amma na lura da wani abu tun a tsakiya. Duk sanda ɗayanmu ya yi tuntuɓe, dariyar sai ta zo rabi, ka ji wasu na cewa "Ayya."

Aka zo fanareti. Ƙwallo ta taho a hankali. Modu ya karkata dama ya tafi, ya sauka a kan ƙaiƙayi daidai inda muka shirya. Ni da na san aikin na san ban taɓa ganin ya yi mai kyau kamar wannan ba. Filin ya yi tsit. Sai wata tsohuwa daga ɓangaren mata ta ce, "Innalillahi! Ku ɗaga bawan Allah!" Kafin in motsa, samari sun ruga cikin fili sun kama shi, wani na karkaɗe masa riga, wani na cewa, "Sannu Baba, sannu, a kawo ruwa." Modu na fizgewa yana cewa, "Ku sake ni! Wasa nake yi! Wasa ne!" Wani ya ce, "Mun sani Baba, amma ka zauna ka huta." Suka kawo kujera suka zaunar da shi a tsakiyar raga. Mai gayya ya zo ya riƙe hannunsa ya ce, "Baba Modu, mun gode, amma bai kamata a riƙa wahalar da ku haka ba."

Muka kamo hanyar dawowa har muka wuce rabi. Sannan Modu ya ce, "Bafillace, me na yi ba daidai ba?"

Na ce, "Babu. Ka yi ta fiye da kullum."

"To me ya sa?"

Garba ya ce, "Da, sun san yaro ne a cikin gemun. Yanzu sun san babu yaron."

Modu ya ce, "Ba haka ba ne. Faɗuwar gefen ce. Ta yi kama da ta gaske. Kowa na da tsoho a gida da ya taɓa faɗuwa haka a bayan gida. Amma ba wanda ubansa ya taɓa lilo a kan raga."

Na ce, "Modu, kar ma ka fara." Ya juya yana kallon gonaki.

Ba a daɗe ba aka kira mu ƙauyen Balan, bikin auren ɗan wani manomi da ya san mu tun da. Na ce mu ba da haƙuri, Garba ma haka. Modu ya zo har gida ya ce in mun ƙi, to mutanen Toranke sun yi gaskiya ke nan. Muka yarda. Ranar tafiya sai ga shi da tsohuwar azarar nan ɗaure a saman adaidaita. Na ce, "Wannan fa?" Ya ce gorar ta tsage. Na ce in gani, ya ce ya riga ya sa ta a murhu. Da muka isa muka shirya ƙasa a gefen dama kamar yadda muka saba. Ya durƙusa ya shafa, ya ce ta yi. Tsakiyar raga kuwa ba mu taɓa ba, ƙasar rani ce, ta bushe kamar daɓe. Da ya ce mu sassaƙe nan ɗin, ya san za mu gane, mu hana.

Wasan ya tafi lafiya. Aka zo fanareti, yaron da muka ara ya ja da baya. Ina tsaye da usur a baki, don ni ke busa tashi bayan gola ya kare. Sai na ga Modu ya tofa yawu a tafin hannu ya murza. Ya durƙusa, ya daka tsalle, ya kama azarar. Wallahi ya kama ta. Mutum mai jikoki, yana lilo, ƙafafu na harbin iska, yana cewa, "Ta wuce? Jama'a ta wuce?" Na ji wani gunaguni ya taso daga cikin jama'a, irin wanda ke zuwa kafin a fashe. Ƙwallo ta iso ƙarƙashinsa, ya saki.

Tafin ƙafa ya sauka daidai. Gwiwar hagu ce ba ta karɓa ba. Maimakon ya zame ya zauna, sai ya tafi gefe da nauyinsa duka, ƙugu ya daki ƙasa. Ni da ke kusa na ji ƙarar. Bai yi ihu ba. Ya ja jiki ya ɗora hannu a kan ƙwallo, ya ɗago fuskar nan tasa da ba ta dariya yana kallon jama'a. Amma na ga yadda ƙafar ta juya waje. Na busa usur da ƙarfi, na yi ta busawa ina ɗaga hannu, na ruga wurinsa.

A kan ƙyauren ɗaki muka ɗauke shi. Aka fara kai shi wurin mai ɗori, ya taɓa ya ce wannan ba nasa ba ne, ƙashin ƙugu ne. Aka wuce asibiti, daga nan aka tura mu Kano. Ya daɗe a kwance. Ya tashi, amma da sanda, ƙafa ɗaya ta fi ɗaya gajarta, kasuwa ma sai ɗansa ya karɓi rumfar. Gwiwa Ta Ƙi ba a sake yin shi ba. Ba mu zauna mun ce an daina ba. Garba ya mayar wa matarsa zaninta, ni na koma gona, aka sake kiranmu sau ɗaya na ce babu gola.

Bayan an sallamo shi na je duba shi. Yana zaure a kan tabarma, an jingina shi da matashi, sanda a gefe. Muka gaisa, na tambayi jiki, ya ce da sauƙi. Na ce Barebari ƙashinsu kamar kara, ya ce ai Bafillace ko faɗuwar ma ba shi da nauyin yi. Can ya ce, "Rafali, tsakaninka da Allah. A Balan, sun yi dariya?"

Na ce, "Sun yi."

Ya ce, "Ƙarya kake. Ƙuguna ne ya karye, ba kunnena ba."

Na ce, "To, sun kusa."

Ya gyaɗa kai. Ya ce, "Na ji ta tana tahowa. Tana bakinsu, wallahi, na ga wani mai jar hula har ya buɗe baki. Kai ne ka yi saurin busa."

Na ce, "Modu, ƙafarka fa ta juya baya."

Ya ce, "To da ka jira kaɗan, gaba za ta juyo? Ai ta riga ta karye. Da ka bar su sun yi abarsu tukuna."

Ya miƙo hannu ya ce in taimaka masa ya gyara zama, na kama shi ta hammata na ɗaga a hankali. Ba shi da nauyi ko kaɗan.